Igiya a gindin bishiya da jar ƙofa a bakin daji: me masu zanen katun na Japan suke nufi?

Abba Mai Zane:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da tambaya ga masana katun ɗin Japan na wannan zaure. Duk mai kallon finafinan zane na can zai lura da abubuwa uku da ba sa ƙarewa: jar ƙofa tsaye ita kaɗai, ba katanga ba marfi, igiya mai kauri ɗaure a gindin bishiya, fararen takardu suna reto a jikinta, sai ƙananan mutum-mutumin dutse a bakin hanya da aka ɗaura wa jan ƙyalle a wuya. Wanne ne na Shinto, wanne ne na addinin Buddha? Sannan maganar nan da ake yawan yi, wai a wurin Japanawa kowace bishiya da kowane rafi abin tsarki ne, gaskiya ce ko zuzutawar masu sharhi ce?

Malam Habu:
Wa alaikumus salam, Abba. Biyun farko na Shinto ne, na ukun na Buddha. Ƙofar sunanta torii, igiyar shimenawa, takardun shide. Mutum-mutumin kuwa Jizo ne, wanda mabiya Buddha na Japan suke ɗauka mai tsaron yara da matafiya.

Hanya mafi sauƙi ta rarrabewa a cikin fim ita ce ka dubi mashiga, ka kuma dubi hannun mai ziyara. In ka ga torii, da karnuka biyu na dutse dama da hagu, mutum ya rusuna sau biyu, ya tafa sau biyu, ya sake rusunawa sau ɗaya, to wurin bautar Shinto ne. In kuwa mashigar babbar ƙofa ce mai rufi, akwai ƙatuwar ƙararrawar tagulla da ake dukanta da gungume daga waje, hayaƙin turaren wuta yana tashi, ga kaburbura a gefe, mai ziyara ya haɗa tafukansa shiru ba tafi, haikalin Buddha ne. Kabari babbar shaida ce, domin Shinto yana ɗaukar mutuwa a matsayin ƙazanta, shi ya sa yawancin jana'iza a Japan malaman Buddha ne suke yin ta. Suna ma yana taimakawa: wanda ya ƙare da jinja, jingu ko taisha na Shinto ne, wanda ya ƙare da ji, dera ko in na Buddha ne.

Amma kada ka ɗauka layin ya miƙe tsaf. Addinin Buddha ya shigo Japan daga Koriya a ƙarni na 6, kuma sama da shekara dubu addinan biyu a cakuɗe suke, har ana cewa kami, wato ababen bautar Shinto, siffofi ne da Buddha yake bayyana da su a ƙasar Japan. Sai a 1868 gwamnatin Meiji ta ba da umarnin a raba su. Rabuwar ta yi aiki a takarda da a manyan gine-gine, amma a ƙauye da cikin gida ba ta kai ko'ina ba. Gida ɗaya za ka ga kantar kami a sama kusa da rufi, ga kuma akwatin Buddha na tuna magabata a ɗaki.

Sadiya K.:
Misalin da ya fi fito da maganar Malam shi ne Totoro na Hayao Miyazaki, 1988. A hanya guda ta ƙauye an jera duka. Ranar da ruwa ya kama yaran biyu, a rumfar Jizo suka fake, babbar ta haɗa hannu ta nemi izini tukuna. Tashar motar da suka tsaya jiran mahaifinsu tana gefen ƙaramin wurin bautar Inari, kami na shinkafa, mai mutum-mutumin dila, wannan Shinto ne. Babbar bishiyar kafur da Totoro yake ciki tana ɗaure da shimenawa, kuma sai an bi ta ƙarƙashin torii an hau matakala ake isa gare ta. Da ƙaramar ta ɓata, a gindin Jizo shida aka nuno ta zaune.

Wannan shidan ba ado ba ne. A koyarwar Buddha akwai duniyoyi shida da rai yake zagayawa a cikinsu: ta alloli, ta mutane, ta masu yaƙi da ake kira ashura, ta dabbobi, ta mayunwatan fatalwa, da wuta. Jizo ɗaya ga kowace. Ɗan kallo na Japan da ya ga yarinya a wurin ya san saƙon: tana ƙarƙashin kulawa.

Nura Gwale:
To ai daga nan ne aka samo cewa yarinyar ta riga ta mutu, Totoro kuma mala'ikan mutuwa ne. An ce a ƙarshen fim ɗin ma yaran ba su da inuwa.

Sadiya K.:
Yaya Nura, wannan jita-jitar intanet ce, kuma kamfanin Ghibli da ya yi fim ɗin da kansa ya ƙaryata ta a 2007. Gaskiya ne ana danganta Jizo da yaran da suka rasu, ana kuma ajiye shi a maƙabarta. Amma an fi ganinsa a mararraba da bakin ƙauye saboda matafiya. Matsalar karanta alama ke nan: ka san ma'ana ɗaya, sai ka ɗora ta a ko'ina.

Injiniya Lawal:
Bari in ɗauki tambaya ta biyu, don ita ce mai nama. Amsata a'a, ba kowace bishiya ba. Da kowace bishiya mai tsarki ce, me igiyar za ta yi? Aikin shimenawa shi ne ta ce wannan daban take da sauran. Torii ma haka, iyaka ce: daga nan zuwa ciki wuri ne na kami, daga nan zuwa waje gonarka ce, sare abinka. Akwai wuraren da dutse ko ruwa shi kansa ne abin girmamawa. A Omiwa da ke Nara babu ginin da ake ajiye kami a ciki, tsaunin Miwa ne a matsayinsa. A Nachi ruwa ne mai zubowa daga tsayin mita 133, an gitta igiya a samansa. Amma waɗannan zaɓaɓɓun wurare ne masu suna da iyaka.

Ku dubi tarihin ƙasar kuma. Kusan kashi biyu cikin uku na Japan daji ne, amma wajen kashi 40 cikin 100 na dajin nan shuka shi aka yi, yawanci itatuwan katako iri biyu, sugi da hinoki, bayan yaƙin duniya na biyu. Ƙasar ce aka gano cutar Minamata a cikinta a 1956, sakamakon gubar masana'anta da aka zuba a teku. A 1906 gwamnati ta fara haɗe ƙananan wuraren bauta na ƙauyuka, dubbai suka rufe, aka sare kurmin da ke kewaye da su aka sayar, har masani Minakata Kumagusu ya tashi yana yaƙar abin a Wakayama. Ko kurmin Meiji Jingu da ke tsakiyar Tokiyo, wanda baƙo zai rantse daɗaɗɗe ne, mutane ne suka dasa shi da bishiyoyi kusan 100,000 da aka bayar gudummawa, aka buɗe wurin a 1920.

Saboda haka ni a ganina finafinan nan ba hoton yadda Japan take ba ne. Kukan abin da aka rasa ne.

Malam Habu:
Injiniya, na yarda da rabi. Igiya iyaka ce, babu musu. Amma ka bar wani abu a baya. Igiyar ba ita take sa wa bishiya tsarki ba, shaida ce cewa mutane sun ga wani abu a wurin. Kuma ana cewa kami miliyan takwas ne, ma'ana ba su ƙirguwa, don haka ƙofa a buɗe take, kowane rafi yana iya zama da nasa ko ba a ɗaura masa komai ba. A ɓangaren Buddha ma, mazhabar Tendai ta Japan ta koyar da cewa ciyayi da bishiyoyi su ma suna iya kai wa matsayin Buddha. Wannan tunani ya shiga waƙa da wasan kwaikwayo tun ƙarnoni da suka wuce. Cewa an sare daji bai nuna babu aƙidar ba, ya dai nuna aƙida ba ta hana gatari.

Ɗan Damagaram:
Malam, shin wannan bai yi kama da abin da tsofaffinmu suke faɗa game da tsamiya da kuka ba? Ba kowace tsamiya ake tsoro ba, amma akwai wadda duk gari ya san ba a sare ta, ba a zama gindinta da tsakar rana, wai gidan iskoki ce.

Malam Habu:
Ta fuskar zaɓen bishiya guda a ware ta, kamar ta yi kusa. Inda suka rabu shi ne a Japan abin yana da hukuma da rajista: wuraren bautar Shinto sun kai wajen 80,000, da limamai masu horo da kalandar bukukuwa. A bar kwatancen a nan, in aka ja shi da nisa zai ɓatar da mu.

Injiniya Lawal:
Mu koma kan Mononoke na 1997, don shi ne alƙalin wannan gardama. Labarin yana zamanin Muromachi, tsakanin 1336 da 1573. Abin da mutane ba sa lura da shi: a dajin Shishigami, babban kami na dajin, babu torii, babu igiya, babu limami. Miyazaki ya koma lokacin da daji bai shiga hannun mutum ba ballantana a yi masa iyaka. An ɗauko kamannin dajin daga tsibirin Yakushima da tsaunukan Shirakami, dukansu UNESCO ta sa su cikin wuraren gado na duniya a 1993.

Yanzu ga lissafin da ya sa garin Eboshi, shugabar masu narkar da ƙarfe a fim ɗin, yake cin daji. Irin narkar da ƙarfen da suke yi sunansa tatara, kuma har yau ana yinsa a Okuizumo da ke Shimane saboda ƙarfen takubba. Ana gina murhun yumɓu sabo kowane zagaye. Wuta tana ci kwana uku dare da rana. Duk bayan kamar rabin awa ana zuba yashin tama da gawayi, bi da bi. Zagaye ɗaya yana cinye wajen tan 10 na yashin tama da tan 12 na gawayi, abin da ake samu dunƙulen ƙarfe ne da bai wuce tan 3 ba, sannan a fasa murhun a fito da shi. In iska ta yi rauni wuta ta sauka, tamar ba za ta haɗu ba. In yumɓun bangon ya cinye da wuri, murhun ya rushe kafin lokaci, an yi asarar zagayen duka. Shi ya sa zugazugi ba ya tsayawa. Gawayin nan daji ne. Yashin kuma a da ana samunsa ta hanyar rusa gefen tsauni a kora ƙasar da ruwa, mai nauyin ya kwanta, lakar ta gangara ta cike rafukan manoma na ƙasa. Ka ga daji ya tafi ta sama, ruwa ya ɓaci ta ƙasa.

Wani abin lura, a al'adar tatara ta gaskiya ba a barin mata su shiga wurin murhu. Miyazaki ya juya abin, ya sa mata ne suke taka zugazugi, kutare kuma suna ƙera bindiga. Da gangan ya yi, don kada ɗan kallo ya samu sauƙin tsinar garin.

Sadiya K.:
Ƙari a kan wannan, farkon fim ɗin darasin Shinto ne tsantsa. Gursunun da ya afka wa ƙauye ba shaiɗan ba ne, kami ne na tsauni da harsashi ya shige shi, zafi da ƙiyayya suka mai da shi tatarigami, wato kami mai la'ana. Ku dubi abin da tsohuwar ƙauyen ta yi bayan an kashe shi. Ba ta yi murna ba. Ta rusuna, ta yi masa alkawarin za a tara masa tudu a yi masa hidima, ta roƙe shi ya sauke fushi. Wannan tsohuwar dabara ce a Japan: abin da ya cuce ka, ka girmama shi ya huce. Haka aka yi wa Sugawara no Michizane, babban jami'in fada da ya mutu a gudun hijira a 903. Da annoba da tsawa suka biyo baya, sai aka gina masa wurin bauta, yau shi ɗalibai suke ziyarta lokacin jarrabawa.

Saboda haka kuskure ne a fassara kami da abin kirki kawai. Shishigami yana taka ƙasa ciyawa ta tsiro ta bushe nan take. Ya warkar wa jarumin fim ɗin raunin harsashi, bai cire masa la'ana ba. Ba ya goyon bayan kowa.

Malam Habu:
Kuma a ƙarshe, da kore ya dawo, ba tsohon dajin ba ne. Ƙananan tsirrai ne da ciyawa, irin dajin da mutum yake iya shiga ya fita. Jarumar fim ɗin ma ta faɗi haka. A nan kam Injiniya ya ci maki.

Anti Rabi:
Ni tambayata ta iyaye ce. Yaranmu suna kallon waɗannan abubuwa. Wa'azin addininsu ne ake cusa musu ko kuwa?

Malam Habu:
Anti, yawancinsu ba wa'azi ba ne, Shinto ma ba addini ne mai neman mabiya a waje ba, ba shi da wanda ya kafa shi, ba shi da littafin hukunci guda. Amma alamun suna nan, kuma suna da ma'ana ta bauta a wurin masu su. Abin da ya fi amfani shi ne uwa ta san abin da ke allon, ta iya cewa wannan rusunawar ga bishiya al'adarsu ce da aƙidarsu, ba tamu ba. Sai kuma duba shekaru: Totoro na ƙananan yara ne, Mononoke kuwa akwai yanke hannu da fille kai, ba na ɗan firamare ba ne.

Nura Gwale:
To fim ɗin Chihiro fa, wato Spirited Away, mai gidan wanka? Ni ban ga wata bauta a ciki ba, kasuwanci kawai na gani.

Sadiya K.:
Yaya Nura, sake kallon minti biyar na farko. Inda kwalta ta ƙare akwai tsohuwar bishiya, an jingina mata torii, ga ƙananan gidajen dutse zube a ƙasa. Uwar ta ce gidajen kami ne. Tarin nan yana nuna an kwashe su daga wurarensu don gina unguwa. Tun kafin a shiga ramin da ke kaiwa duniyar kami an gaya maka matsalar.

Gidan wankan kansa ya tsaya a kan tunani biyu na Shinto: kegare, ƙazantar da take manne wa mutum ko wuri, da harae, kawar da ita, musamman da ruwa. A littafin Kojiki na 712, kami mai suna Izanagi ya dawo daga ƙasar matattu ya yi wanka a kogi, daga wanke idonsa na hagu aka samu Amaterasu, allahiyar rana. To fim ɗin 2001 ya juya tambayar: in ruwa ne mai wanke kowa, wa zai wanke ruwa? Baƙon nan mai ɗoyi da kowa ya guda, da aka ja abin da ya cake a jikinsa sai ga keke, ga tarkacen bola tuli, ashe kami ne na babban kogi. Haku kuma, yaron da yake taimakon Chihiro, kogi ne da aka cike aka gina benaye a kansa, shi ya sa ba shi da inda zai koma.

Dokokin duniyar ma daga tsohon labarin suke. Izanami, matar Izanagi, ta kasa dawowa don ta ci abincin ƙasar matattu. Iyayen Chihiro sun ci ba izini sun zama aladu, ita kuma sai da ta haɗiyi wani abu na can kafin jikinta ya daina ɓacewa. An hana Izanagi duban matarsa ya duba. An ce wa Chihiro kada ta waiwaya har ta fita.

Abba Mai Zane:
Na gode ƙwarai. To ga mai son zana irin waɗannan wurare, ina ake yawan yin kuskure?

Injiniya Lawal:
Fara da torii. Manyan iri biyu ne, kada ka cakuɗa su. Shinmei: ginshiƙai biyu a miƙe, katakon sama miƙaƙƙe, katakon ƙasa ya tsaya a tsakanin ginshiƙan bai leƙo waje ba, yawanci ba fenti. Myojin: katakon sama biyu ne a haɗe, bakinsu ya ɗaga sama dama da hagu, katakon ƙasa ya huda ginshiƙan ya fito, akwai ɗan guntu a tsaye a tsakiya inda ake rataya allon suna, ginshiƙan kuma sun ɗan karkata ciki. In ka zana su a miƙe ƙyam ƙarƙashin rufi mai lanƙwasa, ƙofar za ta yi kamar za ta buɗe ta faɗi. Sannan ba kowace torii ce ja ba. Akwai ta dutse, akwai ta farin katako. Jere mai yawa ja kamar rami, wannan na Inari ne, irin na Fushimi a Kiyoto, kuma masu gadinsa dila ne, ba karnuka ba.

Igiya: da karan shinkafa ake yin ta, tufkar hagu, saɓanin igiyar aiki. In gefe ɗaya ya fi kauri, yawanci yana hannun damanka in kana fuskantar wurin. A Izumo akasin haka ne, can ma tafi huɗu ake yi ba biyu ba, kuma babbar igiyarsu ta haura mita 13, nauyinta wajen tan 5. Takardar shide kuwa, ka ninka farar takarda biyu, ka raba faɗinta huɗu, ka yi yanka uku, na farko daga sama, na biyu daga ƙasa, na uku daga sama, kowanne ya ci kashi biyu cikin uku na tsawon, sannan ka riƙa ninkowa gaba ɗaya bayan ɗaya. Za ta fito hawa huɗu kamar walƙiya. In ka yi ta da hannu sau ɗaya ba za ka ƙara zana ta kamar ribbon kai ba.

Babban tarkon yana cikin kwamfuta: juya hoto dama zuwa hagu don a rage aiki. Da ka juya, tufkar igiya ta koma ta dama. Karen dutse mai buɗaɗɗen baki, wanda ya kamata ya kasance a dama, ya koma hagu. Alamar manji ta haikalin Buddha ta juye ta yi kama da ta 'yan Nazi. Mafi muni kimono, rigar gargajiyarsu: mai rai yana ɗora gefen hagu a kan na dama, gawa ce ake yi wa akasin haka. Juyi ɗaya ka mai da jarumarka mamaciya.

Sadiya K.:
Wankin hannu a bakin shiga ma ana ɓata shi. Ɗiba ɗaya ake yi da ludayin. A riƙe da dama a wanke hagu, a mayar hagu a wanke dama, a dawo dama a zuba a tafin hagu a kuskure baki, a sake wanke hagun, sannan a tsai da ludayin sauran ruwan ya gangaro ya wanke mariƙin. Ba a kai ludayi baki. Kuma ba a bin tsakiyar hanya, gefe ake bi, tsakiya ta kami ce. Saboda haka in mai fim ya tsayar da wani a tsakiyar torii cak, sau da yawa yana gaya maka wannan ba mutum ba ne, ko kuma bai san inda yake ba.

Malam Habu:
Mun yi nisa a Shinto mun bar Buddha a baya, alhali shi ne yake kawo ɗaci a labaran. Shinto yana cewa wannan duniyar cike take da rai. Buddha yana cewa komai mai wucewa ne, riƙe shi kuma wahala ce. Inda suka yi karo sosai shi ne Kaguya na Isao Takahata, 2013. Tawagar da ta sauko daga wata a kan gajimare don tafiya da yarinyar, Kaguya, da kiɗa da mai kama da Buddha a tsakiya, an ɗauko ta daga zanen da ake kira raigo, wato saukowar wani Buddha mai suna Amida don ɗaukar ran mai mutuwa zuwa ƙasa mai tsarki. A zauren Byodo-in na Uji, wanda aka gina a 1053, akwai sassaƙa 52 na masu hawa gajimare, da yawansu riƙe da kayan kiɗa. A asali wannan hoton bushara ne. Takahata ya sa shi ya zama abin firgita: kiɗan na annashuwa, fuskokin ba damuwa, iyaye suna kuka, yarinya tana ƙoƙarin cewa duniya ba ƙazanta ba ce, kafin ta ƙarasa aka yafa mata rigar mantuwa. Ban san wani fim da ya yi wa wannan aƙida tambaya mai kaifi haka ba, kuma da kayanta ya yi.

Ɗan Damagaram:
Na Makoto Shinkai fa? Wasu suna cewa shi ado kawai yake yi da wuraren bauta don hoto ya yi kyau.

Injiniya Lawal:
Akwai ƙamshin gaskiya, yana son haske da sheƙi. Amma Suzume na 2022 yana da tushe. A Kashima da Katori, gabas da Tokiyo, akwai duwatsu biyu da ake kira kaname-ishi, an ce su suke danne ƙatuwar tarwaɗar da motsinta yake kawo girgizar ƙasa. Bayan girgizar Edo, wato Tokiyo ta yanzu, ta 1855 hotunan tarwaɗar nan sun cika kasuwa. Shinkai ya sauya tarwaɗa da tana, ya ɗaure labarin da girgizar 11 ga Maris 2011. Kuma ku lura da wannan: kafin a yi gini a Japan ana kafa gora huɗu, a zagaye da igiya, a tara yashi, limami ya nemi izinin kami na wurin. Wannan na farawa ne. Fim ɗin ya ƙirƙiro na rufewa, inda ake mayar wa masu ƙasa makaranta ko garin da mutane suka watse suka bari. A ƙasar da ƙauyuka suke zama kufai, wannan ba ado ba ne.

Sadiya K.:
A fim ɗinsa na 2016 ma, Your Name, mai musayar jiki, kakar ta faɗi cewa takardun wurin bautarsu sun ƙone shekara 200 da suka wuce, rawa da saƙar igiya suka rage ba wanda ya san dalilinsu. Wannan ya fi kusa da yadda matashin Japan yake ji da Shinto fiye da duk wani dogon sharhi.

Abba Mai Zane:
Tambaya ta ƙarshe. Jan furen nan mai siraran yatsu da ake nunawa duk lokacin da wani zai mutu, na wane ɓangare ne? Zan iya sa shi kusa da furen sakura, wato na bishiyar cherry, a zane ɗaya?

Sadiya K.:
Higanbana ke nan, ɓangaren Buddha. Yana fitowa a ƙarshen Satumba, daidai makon higan da ake ziyartar kaburbura. Saiwarsa kamar albasa take kuma guba ce, shi ya sa aka riƙa dasa shi a gefen kabari da kunyar shinkafa don korar ɓeraye da masu tonon ƙasa, daga nan ya samu sunan furen mutuwa. Kada ka haɗa shi da sakura, ita a ƙarshen Maris zuwa Afrilu take, wata shida ne tsakaninsu. Kuma kada ka zana masa ganye: kara ne tsirara da fure a kai, ganyen sai furen ya bushe yake fitowa.